Gashin Kaza a Lambun Inna Kande

Tun da ƙudan zuma suka ƙare, hukuma ta sako na ƙarfe, su kuwa ba sa sauka sai kan shukar da aka sayi irinta a kanti.

Kabewar Inna Kande irinta na gadon mahaifiyarta ne, don haka ko kallonta ba sa yi. Fure ya buɗe da safe, ya zube da rana a banza. Shi ya sa duk Asabar 'yan ƙungiyar lambu ta unguwa suke bi gida-gida da gashin kaza, duk da hukuma ta hana, su shafo garin wannan fure su goga wa wancan.

Yau Barau, shugaban ƙungiyar, shi kaɗai ya yi sallama.

"Ina sauran?" in ji Inna.

"Jiya hukuma ta tumɓuke kuɓewar gidan Malam Ɗanjuma tas, Inna. Kowa ya tsorata."

"Wane marar tsoron Allah ne ya kai ƙara?"

Barau ya ɗaga kai ya dubi sama. "Ba mutum ba ne."

Ta yi tsaki, ta karɓi gashin, ta durƙusa. Tana cikin shafawa sai ta ji wani abu mai sanyi a bayan hannunta. Ƙudan ƙarfe ne, karo na farko da ya taɓa sauka a gidanta. Ya ɗan jima, sannan ya tashi ya haye katanga bai taɓa fure ko ɗaya ba.

"Inna, mu bari haka," Barau ya ce a hankali.

"Ai ya riga ya gani. Riƙe min wancan furen kafin rana ta rufe shi."