Dutsen Bakin Ƙofa

"Kin gano ƙauyen namu?" Kaka ta tambaye ni ranar da na dawo Boston daga ƙasar Ayalan.

"Na gano, Kaka. Sunan ƙauyen da na gano da na kankare dutsen kabarin kakanki ne ya kai ni. Amma ba kowa can sai tumaki."

"Matsiyacin nan fa, mai gonakin da ya yaye wa kakanninmu rufin gida ana tsakiyar yunwa?"

"Katafaren gidansa ya zama kango."

Na zaro dutsen da na ɓamɓaro daga saman ƙofarsa, mai ɗauke da tambarin zuri'arsa.

Ta daɗe tana kallonsa. Na zaci maƙabarta za ta ce mu kai shi.

"Girke min shi a bakin ƙofa in riƙa goge ƙafa, 'yar nan. Takalmana duk taɓo ne."