Katin Mutum Biyu

Tun da aka sallami kwandastoci, ƙofar bas ce ke karɓar kuɗi. Ka ɗora kati ka shiga, ka ɗora ka fita, ta cire nata.

Ranar Talata da hantsi, Tabawa mai daddawa ta tarar da wani tsoho mai jar hula a tasha, yana ta goga katinsa, ƙofa ta ƙi buɗewa.

"Baba, shigo, na biya maka," in ji ta. Ta ɗora nata sau biyu, yadda aka saba yi wa babba tun zamanin kuɗin hannu.

Da suka iso kasuwa ta waiwaya, tsoho ya riga ya bi bayan wani ya sauka. Ta ɗora kati. Ƙofa ta ce, "Mutum biyu suka shiga, mutum biyu za su fita."

Ta gwada bin bayan wani ita ma, ƙofar ta datse, don ta san fuskar mai kati.

"'Yar'uwa, daina gogawa, cin kuɗinki take," in ji wata mata a kujerar baya. Buta na gabanta, ga zani ta shanya a taga.

Tabawa ta janye katinta ta ce, "In ya ƙare fa?"

"'Ya'yana ba sa bari ya ƙare. Waɗanda nasu ya ƙare, ban ga inda ake sauke su ba."

"Yaushe kika shigo?"

"Da ƙaramar Sallah. Wani bawan Allah na biya wa, tsoho haka, mai jar hula."