Layin Baranda

Ina ɗaga hannu zan fara ƙirga masu zaɓe, sai ruwan sama ya kece.

Zaɓen sanata na bana babu akwati. Kowa layi zai bi a bayan hoton ɗan takararsa, a ƙirga kawuna. Ciyaman ɗin babbar jam'iyya ya rantse wa ubangidansa cewa in mutum ɗaya ya zille a mazaɓar Gidan Waya, a ƙwace masa kujerar ciyaman. Da safe ya daka mini tsawa: "Ke 'yar jami'a, kafa hotonmu a tsakiyar fili, duniya ta ga tsawon layinmu! Na wancan ɗan adawar, ɓoye shi a baranda."

Ban iya musu ba. Na yi yadda ya ce.

Yanzu mata da goyo, dattawa da sanduna, duk sun ruga barandar makarantar da ake zaɓen, sun jeru a bayan hoton ɗan adawa.

"Ku koma fili!" ciyaman yake ihu daga cikinsu, yana tattare sabuwar rigarsa.

"Baba, kai fara komawa mana," in ji wata tsohuwa.

Lokaci ya cika. Na sunkuyar da kai, na bi layin baranda ina ƙirgawa. Da na iso kan ciyaman, na gaishe shi cikin ladabi, na ƙirga da shi.