Kalmar da Kamus Ya Zaɓa

Kamus ya tare nas ɗin hawa na biyu a tsakiyar matakala, yana nuna mata sanarwar da aka manna kan ɗauke ruwa. An rubuta "inconvinience", harafi ɗaya ya zauna a kujerar da ba tasa ba. Nas daga aiki take, ƙafafunta sun kumbura cikin takalmi. Sai da ta ce "Haka ne, Baba" sau biyar kafin ya matsa mata ta wuce.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana akawu kafin ya yi ritaya. Mutanen benen ne suka laƙaba masa Kamus, shi kuwa ya karɓa kamar lambar yabo. Kullum da sassafe yakan ƙure rediyonsa a tashar Turanci, ya wangale taga don jama'a su ƙaru. Matarsa ta tafi taya 'yarsu jego na mako biyu. Jaririn yanzu har gudu yake yi.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai a gidan, shi ne telan da ke ƙasa. Kekensa ba ya shiru, bencinsa ya cinye rabin ƙofar shiga, ga allon shagonsa da kuskure uku a kalma biyu.

Ranar Asabar da yamma nas ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, tare da direban bas na hawa na uku. Direba ya cire hula yana murza ta.

"Baba, wani mutum ne ya addabe mu a gidan nan. Sau uku muna rubuta wa kamfanin da ke kula da gidan, ko ci kanku ba su ce ba. An ce Turancinmu ne bai kai ba."

"Kada ku faɗi suna," in ji Kamus, yana nuna ƙasa da biro. "Na san shi."

Direba ya dubi nas. Nas ta dubi silin.

Kamus ya karɓi tsohuwar takardarsu, ya ga sun rubuta cewa mutumin yana ba su "inconvenience". Ya yi dariya har da tari. Wannan kalma, in ji shi, ta 'yar takura ce wadda ba da gangan ba, kamar a ɗauke ruwa ko a haƙa rami a titi. Da ita kamfanoni ke shafa wa mutane mai a baki. "Bother" ta wanda ya dame ka sau ɗaya ce, har ya nemi afuwa. "Disturb" ta wanda ya katse maka barci ko aiki. "Pest" kuwa ƙwaro ne, zagi ce, ba ta shiga takardar manya. Amma mutumin da ya zama ƙarfen ƙafa, kullum shi, ko'ina shi, bai ma san yana yi ba, wannan sunansa "nuisance", kuma ko lauya ya ji ta sai ya gyara zama.

Bayanin ya ci awa ɗaya da kwata. Direba ya rasa lodin yamma.

Nas ta fara lissafo laifuffukan, shi yana juya su zuwa Turanci. Mutumin yana hana masu aikin kwana barcin safe. Kamus ya gyaɗa kai, ƙarar keke na amsa kuwwa a kunnensa. Yana tare hanya har mutane su makara. Ai ga benci nan, kowa shaida ne. Yara na tsoron bi ta gabansa. To, wa zai so wannan ƙaton almakashi? Masu haya biyu sun tashi saboda shi. Wannan kam Kamus bai sani ba, amma ya ja masa layi biyu.

Da suka zo ƙarshe sai jikin nas ya yi sanyi.

"Baba, ko dai a ce su ja masa kunne kawai? Mutum ne mai shekaru."

"'Yar nan, tausayinki zai kashe ki. Ba a jan kunnen nuisance, kawar da shi ake yi."

Ya ƙara sakin layi mai neman a ba mutumin kwana talatin ya kwashe komatsansa. Wurin lambar ɗaki ya bar shi fili, domin a cewarsa mai ilimi ba ya rubuta abokin gaba da hannunsa. Ya sa hannu a saman kowa, ya miƙa wa direba ya zagaya da ita.

Makonni biyun da suka biyo baya Kamus bai taɓa jin daɗin gidan kamarsu ba. Kowa sai gaishe shi yake yi da fara'a. Shi kansa tela har tasowa yake yi daga kan keke ya ce "Baba, an fito?" Kamus ya amsa da ƙyar, yana tausaya wa jahilci a zuci.

Ranar Talata ma'aikacin kamfani ya iso da ambulan. Kamus na tsaye a matakala yana kallo. Mutumin ya leƙa shagon tela, suka yi magana kaɗan, sannan ya hayo sama. Ashe sun san darajar marubuci, za su fara sanar da shi.

"Ranka ya daɗe, manaja ya ce tun da yake aiki bai taɓa karanta koke mai tsabtar wannan ba. Nan take ya amince."

Kamus ya saka tabarau, ya buɗe ambulan a hankali don masu leƙe ta taga su gani. Ga takardarsa nan ba a taɓa ko waƙafi ba, da sa hannu ashirin da uku. Na biyu, daf da ƙarƙashin nasa, na tela ne, a filin da ya bari kuma an cike da jan biro: ɗaki na goma sha ɗaya, ɗakin Kamus.