Ɓerayen Hamid

Agali ya yi ta kewaya rumbu, salula a sama, yana farautar rezo, har fuskar ɗansa Hamid ta fito.

Ya tura yaron ƙasar waje ya koyo likitancin dabbobi, sai ga shi yana kiwon ɓera. A kasuwar Dakoro har ana tambayar Agali ko garken ya ƙaru. Yau zai yanke: ko Hamid ya ƙarasa karatun, ko ya dawo gida wurin matarsa, 'yar ƙanen Agali.

"Ya mutanen gida, Baba?" Iyakar tambayar ke nan. Mai kunya ba ya cigiyar ɗan fari a gaban mahaifinsa.

"Lafiya lau. Gwada mini dabbobin naka."

Hamid ya juya salular. Ɓeraye ne a akwatunan gilashi, waɗanda aka sa wa jini irin na masu emasi, wato ciwon sikila, don a nemo magani. Ya nuna uwa da uba, sumul, ba abin da ke damunsu. Cikin 'ya'yansu ne ake samun wanda ya gaji ciwon ta gefe biyu.

Agali ya bi su da tambaya kamar mai cinikin rago. Kunnen fa? Fari fat, ba jini. Cikin? Ya kumbura ta hagu, saifa ce. Girma? Ana barinsa a baya. Ga shi can ya takure a lungu, ba ya son sanyi, ba ya son a taɓa masa ƙafa.

Muryar Hamid ta sake. Tunda ya tafi, tsohon bai taɓa sauraronsa haka ba.

Agali ya canza wa salular hannu, ya goge tafinsa a riga. "Maganin ya kusa?"

"Da saura, Baba. Amma a mutum, in an kai shi likita da wuri, yana rayuwa."

"To zauna ka gama. Kar ka kuskura ka taho."

Hamid na cikin godiya Agali ya kashe salular. Ba a aika wa matafiyi labarin da zai karya masa gwiwa. Haka Agali ya taras ana yi.

Ya ce a tsayar da motar Maradi, inda babban asibiti yake. Sannan ya shiga ɗaki, ya ɗaga bargo a hankali, don kar ya taɓa kumburarrun ƙafafun ɗan Hamid.