Daddawar Kunun Kwal

Tanimu, ka ce tunda aka ba ka shugabancin wurin nan ka lura da wani dattijo da ba ya ɗaukar kaya, ba ya rubutu, sai zagaye tsakanin ma'aikata, ya ɗan yi magana da wannan, ya ɗan zauna da wancan, kuma kana so ka sallame shi. Ajiye biron tukuna ka ji wani misali.

Akwai wata masana'anta da ake niƙa kwal, baƙin dutsen nan da ake haƙowa daga ƙasa, har ya yi laushi kamar garin tuwo. Sai a dama shi da ruwa a wani tanki mai girman ɗaki, inji ya tura shi ta bututu zuwa tanderun da ke hayin wani busasshen rafi, inda ake ƙona shi. Ma'aikata kunu suke ce masa. Shi garin kwal ba ya son ruwa, ɗan'uwansa yake so. Da an bar shi sai ƙwayoyinsa su rungumi juna su dunƙule. Saboda haka ake zuba masa wani sinadari, gari ne mai ruwan ƙasa da ɗan wari, wanda yake shiga tsakanin ƙwaya da ƙwaya ya hana su mannewa, sai kunun ya yi kauri amma yana gudu. Kwano biyu kacal ake zuba wa tankin nan. Don launinsa da warinsa da ƙanƙantar awonsa, sunan da aka laƙaba masa a wurin shi ne daddawa.

Wata Juma'a mai dama kunun ya tafi jana'izar yayarsa, aka ce wani bakanike ya riƙe masa. Abu ɗaya aka ja masa kunne a kai: kada wutar tanderu ta mutu, don in ta mutu sai an kwana uku kafin ta dawo. Bakaniken ya san inji ciki da waje, amma bai taɓa dama kunu ba, bai kuma san awon daddawar ba. Wanda ya sani a wurin wani tsoho ne mai shara, bakaniken kuwa yana jin nauyin a gan shi yana tambayar mai shara. Tsohon ma sai da ya tsaya da tsintsiyarsa ya ce, "Maigida, ban ga ka sa daddawa ba." Bakanike ya yi dariya ya ce, "Baba, a gidanmu ran da babu daddawa ba mu kwana da yunwa. A sha miyar haka." Da kunun ya yi kauri, inji ya fara nishi, sai ya yi abin da ya tashi ya ga ana yi wa koko: ya ƙara ruwa. Nan take injin ya saki, sautinsa har ya fi na kullum daɗi. Lokacin salla ya yi, aka kashe injin yadda aka saba, aka bar tanderu yana cin kunun da aka riga aka tara a rumbunsa, kowa ya tafi masallaci.

Da suka dawo bakanike ya hau tsani ya leƙa tankin. Tunda aka gina shi ba wanda ya taɓa ganin komai a ciki sai baƙi. Ran nan ruwa ya gani garau, ga sama, ga shirwa tana shawagi, ga fuskarsa tana kallonsa. A ƙarƙashin fuskar kuma duhu ne shimfiɗe, sumul, kamar an daɓe shi da hannu. Kwal ya rabu da ruwa ya kwanta, kuma abin da ya yi a tanki shi ya yi a cikin bututu, inda ido ba ya kaiwa. Bakanike bai gaya wa kowa ba, ya sauko ya kunna inji. Injin ya yi gurnani, allurar agogon da ke auna ƙarfin turinsa ta hau, ta hau, har ta shiga ja. Daga hayi aka aiko cewa ko ɗigo bai iso ba, wuta kuma ta fara ja da baya. Ya kashe injin, ya ɗauki sifana, ya bi bututun shi kaɗai cikin rana yana ƙwanƙwasawa. Ko'ina ƙarfe yana amsa masa, sai da ya kai inda bututun ya gangara cikin rafi. A nan bugun ya mutu, kamar ya bugi ƙasa. Ya kwance notin mahaɗar, ya raba bakin bututun, ba abin da ya zubo. Baƙin toshi ne kawai, mai sheƙi, ya cika bakin fal. Sai ya ji wani sauti a bayan toshin, a hankali, kamar numfashin mai barci. Duk ƙarfin da injin ya tura ne yake tsare a ciki, kashe injin bai sallame shi ba. Ya durƙusa, ya kai fuskarsa kusa don ya ji da kyau, ya soki toshin da sifana.

Waɗanda suka ji ƙarar fashewar toshin suka ruga sun same shi zaune a kan yashi, baƙi ƙirin daga kai har ƙirji, yana juya fuska dama da hagu. Bai yi ihu ba. Da ya ji takunsu sai ya ce, "Jama'a, har an yi magariba ne?" Ko la'asar ba a kira ba a lokacin. Wutar tanderu ta mutu kafin yamma, bayan kwana uku aka tashe ta. Shi kuwa har yau jan sa ake yi zuwa masallaci.

Wannan shi ne abin da Hausawa suke nufi da suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.