Ranar da Aka Tsayar da Agogon Majalisa

Orrin Zastrow ya kusa riga masu shara isowa majalisa. Bas ɗin farko ya biyo daga garinsu, ya haye benen 'yan kallo, ya zauna can ƙurya da hularsa a gwiwa. A cikin hular akwai hoton Nadine da ya yanko daga jarida, har ya yi laushi don yawan taɓawa.

Ranar ce ta ƙarshe a zaman majalisar jiha, ƙa'idar gidan kuwa sananniya ce: da agogon bango ya buga shida, duk ƙudurin da ba a kai kansa ba ya mutu, sai bayan shekara biyu. Ƙudurori biyu suka rage, na Nadine ne a baya. Abin da ƙudurin yake nema bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya taɓa kashe rai da mota cikin maye, a ɗaura wa motarsa na'urar da sai ya busa ta shaida bai sha ba kafin inji ya tashi, har iyakar ransa.

Nadine shekararta goma sha tara. Tana dawowa daga aiki a kan keke, wani ya fito daga cin soyayyen kifin Juma'a da kofi huɗu na barasa a cikinsa, ya banke ta da mota, ta mutu. An ɗaure mutumin, ya gama wa'adinsa, ya fito, kuma ranar Litinin za a mayar masa da lasisin tuƙi. Orrin ya san bai daina sha ba. Ya rantse, ya je taron masu neman dainawa, ya koma ruwa. Wasu sun ce ai yana iya sa na'urar da kansa. To, abin da mutum ya sa da hannunsa, da hannunsa yake cire shi ranar da ƙishin ya taso.

Sai dai akwai babban aiki a gaban wakilai tukuna. Jihar tana da tsuntsunta na hukuma, da furenta, da kifinta, har da irin karenta. Haɗin barasa ne kaɗai ba ta da shi, su kuwa ba za su koma gida da wannan abin kunya ba.

Wakili Haugen na arewa ya miƙe, tumbinsa na gaba yana biye.

"Ya Shugaba, burandi! Kakana da shi aka yi bikinsa, da shi aka yi zaman makokinsa, kuma duka biyun bai yi ƙorafi ba."

"Haba abokina," in ji Wakiliya Dombrowski ta kudu, "ku da sanyi ya kashe muku harshe, me kuka sani? Wiski ake sa wa mutanen kirki."

"Baiwar Allah, maimaita wannan a mazaɓata, mu ga ko za ki fita da takalmanki!"

Zaure ya ɗauki dariya. Aka shiga bayani dalla-dalla: a daka yankin lemo da 'ya'yan itacen ceri da sukari a gindin kofi, a zuba ƙanƙara, a tsiyaya burandi har ya yi ja. Orrin ya haɗiye yawu. Ya cusa hannuwansa ƙarƙashin hular.

A ɗaya gefen benen, matan da suka kawo ƙudurin Nadine suna zaune a jere, uwar Nadine a tsakiyarsu. Rabon da ta haɗa ido da Orrin tun a kotu. Wata tsohuwa da ke kusa da shi ta hango hoton.

"Allah sarki. 'Yarka ce?"

Kafin ya buɗe baki aka sake kwashewa da dariya a ƙasa, don wani ya kawo gyara a kan ko ceri ɗaya ne ko biyu.

Shida saura kaɗan, ba a ko kaɗa ƙuri'a ba. Nan Kakakin majalisa ya tuno da tsohuwar al'adar gidan: in lokaci ya ƙure ana tsakiyar muhimmin aiki, sai a tsayar da agogo, domin muddin bai buga ba, a idon doka shida ba ta yi ba. Mai tsaron ƙofa ya jingina tsani, ya hau, ya tsayar da agogon, ya sauko. Orrin ya zura wa agogon ido. Ashe ana iya tsayar da lokaci! Ya ji wani sanyin daɗi da ya daɗe bai ji ba, har ya miƙe ya dafa ƙarfen benen.

Aka kaɗa ƙuri'a, burandi ya yi nasara, aka yi ta tafi da rungume-rungume. Kakaki ya dubi agogon hannunsa, ya gyaɗa wa mai tsaron ƙofa kai. Mutumin ya sake hawa tsanin, ya tayar da agogon. Agogo ya buga shida, gudumar Kakaki ta rufe zama, ba wanda ya ko ambaci sunan Nadine.

Uwarta ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki jakarta ta wuce ta gaban Orrin kamar ta wuce kujera. A matakala Haugen yana ta ihu, "Kowa ya tsallaka titi zuwa mashaya, kofin farko ni zan biya!"

Orrin ya fito cikin dusar ƙanƙara. Bas ɗinsa da saura, tashar kuma tana daidai ƙofar mashayar. Ya tsaya ya juya mata baya, ya zaga, ya dawo, ya sake tsayawa. Tsoro ne fal cikinsa, don ya san ƙarshen irin wannan tsayuwar. Ya tura ƙofa.

"Baba, mai zaƙi ko mai tsami?" in ji mai sayarwa. "Yau fa haɗin burandi na hukuma ne."

"Mai zaƙi."

Ya kifa hoton Nadine a kan tebur don kada ta gani, ya ɗaga kofin da hannu biyu. Ranar Litinin za a mayar wa Orrin da lasisinsa.